Rantsuwar da Bappa Bai Yi Ba

Duk baƙon da ya sauka daga jirgin ruwa a Tungar Ladan, can bakin tafkin Kainji ta wajen Wara, ya ce a kai shi wurin Jalaluddeen, sai a tsaya ana kallonsa. Wane Jalaluddeen kuma? Amma ya ce Jalalu Mai Baki, to ko tsohuwar da ke suyar ƙosai a bakin gaɓa za ta nuna masa da haɓa: ga rumfar kwano can bayan masu gyaran injin jirgi, mai labulen buhu a ƙofa. Nan ne gidan kallonsa, nan kuma ya kwashe shekara ashirin yana sana'ar da ba ta da suna a takardar gwamnati. Fim na Turanci yana tafiya a talabijin, shi yana zaune a gefe da makirfo a hannu, yana juya wa masunta da 'yan dako abin da Turawa ke faɗa, nan take, da Hausar da suka sha a nono.

Ba gadonsa ba ne. Ubansa masunci, kakansa masunci, shi kuwa ruwa ya ƙi shi ƙememe. Jirgi na fara lilo cikinsa zai juya. Ɗan masunci da amai a jirgi! Har yau tsofaffin garin in sun tuna sai sun yi dariya. Da uban ya ga ba ci, sai ya tura shi boko a Wara. Ya kai aji uku na sakandare uban ya rasu, karatu ya tsaya cak. Ya tafi Yelwa ya yi dako a kasuwa, kwandon banda a ka, buhun albasa a baya, shekara biyar. In an tashi kasuwa sai ya shige wani gidan kallo ya raɓe a lungu. Mutane na kallon harbe-harbe, shi yana kallon rubutun da ke gudu a ƙasan hoto, yana motsa leɓe. Ya sayi wani tsohon ƙamus da ba bango a hannun mai gwanjon littattafai, ya ci shi kamar tuwo. Ranar da ya dawo Tungar Ladan, kayansa tsohuwar talabijin ce, da na'urar faifai, da wani janareto mai tari kamar tsohon mashayin taba.

Sana'ar nan tana da dokarta, kuma Jalalu ya koye ta da wuri: mai fassara ba ya shiru. Ka yi shiru na numfashi biyu, wani daga baya zai ɗaga murya, "Mai Baki, Turancin ya ƙare ne?" Rumfa ta fashe da dariya, kai kuma mutuncinka ya zube. Saboda haka in Bature ya yi magana, Jalalu ya fassara. In Bature ya yi shiru, Jalalu ya faɗi abin da ke cikin zuciyarsa. Sunayensu masu karya harshe kuwa, wa zai tsaya wahala da su? Raɗa musu na gida yake yi. Ga kuma babban yatsansa a kan rimot kullum: mace da namiji suka fara matsowa kusa fiye da kima, ƙit, ya tsallake, ya ce, "Sun gaisa." Kowa ya san abin da aka tsallake, ba kuma wanda ya taɓa yin ƙorafi.

Yana da shekara uku da buɗe rumfar wani faifai ya faɗo hannunsa, wanda shi ya raɗa wa suna Kwale-kwalen Taurari. Labarin wata duniya ce can, ba tamu ba, wadda baƙin hayaƙi ya ɓullo daga cikin ƙasarta ya rufe ta ruf. Mutanenta suka ƙera jirgi mai girman gari guda, suka kwashi wanda ya samu wuri, da iri da dabbobi, suka yi sama suna yawo tsakanin taurari, yau yaƙi da wasu halittu, gobe ƙarancin ruwa, jibi rigima a tsakaninsu. Sarkin jirgin dattijo ne mai farin gemu. Jalalu ya sa masa Bappa, don ya yi kama da wani Bafulatani mai kawo shanu shan ruwa a bakin tafki. 'Yarsa ƙarama mai taurin kai kuwa ta zama Yasira.

To, a ƙarshen kashi na ɗaya, Bappa ya zo ya tsaya a wata ƙatuwar taga, yana kallon duniyarsu tana ƙanƙancewa a baya. Bai ce uffan ba. Kiɗa kawai ke tashi, minti ɗaya cur. Minti ɗaya, jama'a! Ina Jalalu zai iya? Bakinsa ya buɗe da kansa, ya sauke murya irin ta dattawa, ya ce, "Wallahi tallahi, komi daren daɗewa, sai mun koma gida."

Rumfar ta yi tsit, sannan ta ɗauka da kabbara. Jalalu ya ji kansa ya yi girma. Da ya waiga bencin gaba, sai ya ga wani dattijo yana share ido da bakin riga, gabansa ya faɗi. Baba Tanko ne, uban matarsa Hamdiyya, wanda ya zo ranar a karon farko don ya ga da wace irin sana'a ake ciyar da 'yarsa.

Sai an san Baba Tanko za a gane hawayen nan. A tsibirin Gungun Maje aka haife shi, tsakiyar kogi, tun kafin a yi tafki. Yana saurayi aka datse ruwa a Kainji, aka zo da jirage aka kwashe su da tukwanensu da awakinsu, aka zube su a gidajen da aka gina musu a kan tudu. Yana tsaye a gaɓa ya ga ruwa yana hawa kullum kaɗan-kaɗan, har ya shanye masallaci, ya shanye maƙabarta. Ya yi shekara hamsin yana su a tafkin, amma akwai wani wuri da bai taɓa jefa taru ba. In jirginsa ya zo nan sai ya ɗaga filafili ya bari ruwa ya wuce da shi, don a ƙasan wurin ɗakin innarsa yake.

Tun daga ranar nan, ba a taɓa nuna Kwale-kwalen Taurari babu Baba Tanko a bencin gaba ba. Sauran finafinai ko oho. Wannan kaɗai. Abin kuma da zai ba ka mamaki, tsakaninsa da Jalalu magana ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Suruki ne. In sun haɗu a hanya Jalalu zai cire takalmi ya durƙusa, ido a ƙasa, "Ina kwana, Baba," "Lahiya lau," kowa ya kama gabansa. In akwai saƙo, ta bakin Hamdiyya yake bi. Duk wata doguwar magana da Jalalu ya taɓa yi wa surukinsa a duniya, ta cikin makirfo ta fita.

Masu fim ɗin, Allah ya shirye su, sai suka ɗauki tagar nan suka mai da ita al'ada. Kowane kashi da ita yake rufewa: Bappa a tsaye, shiru, kiɗa. Kowane kashi kuma Jalalu ya maimaita rantsuwar, har ta kai ba ya ƙarasawa rumfa ke karɓewa. Maganar ta fita gari. Mace ta yi yaji, a ce mata, "Sai mun koma gida." Ɗan kasuwa ya yi kwantai a Yelwa, ya naɗe kaya yana faɗin haka. Zaharaddeen mai jirgin fito ya sa aka rubuta SAI MUN KOMA da jan fenti a gefen jirginsa. Da Bappa ya mutu a kashi na biyar, an yi kuka a rumfar nan kamar an yi rashin ɗan gari. Yasira ta gaji jirgi, ta gaji tagar, Jalalu kuma ya ɗora mata rantsuwar ya ce wasiyyar uba ce.

Shekaru suka yi ta tafiya. Waya ta zo, kowa ya samu gidan kallo a aljihunsa, ana tura fim da fassararsa a kati. Rumfuna irin ta Jalalu suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Tasa ta rayu da wasan ƙwallo, ya canja janareto da sola, gemunsa ya fara furfura, 'yarsa Mufida ta yi aure. Amma Kwale-kwalen Taurari ba wanda ya yarda ya kalle shi a waya. Ko an samu, sai a ce a jira bakin Jalalu.

Shekara goma sha bakwai da fara labarin, ran wata Asabar, Sufyanu mai shagon tura finafinai a Yelwa ya kira shi ya ce kashi na bakwai ya fito, kuma shi ne na ƙarshe. Jalalu ya shiga mota, don har yau ba ya shiri da jirgi. Sufyanu ya miƙa masa ɗan filas ɗin da ya tura fim ɗin a ciki, amma bai sake shi nan da nan ba.

"Mai Baki, ka kalle shi kai kaɗai tukuna."

"Mi ya hwaru?"

"Kai dai ka kalla."

Washegari da hantsi ya kunna shi a ɗaka, shi da Hamdiyya. Malamar firamare ce, Turancinta ya fi nasa tsafta, kuma tun kashi na biyu ita ke warware masa kalmomin da suka gagari ƙamus. Awa biyu suka yi ba wanda ya motsa. Bayan yaƙi da wahala, jirgin ya juyo, ya kamo hanyar gida. Sai ga duniyarsu ta bayyana daga nesa, hayaƙin ya washe, shuɗi da kore, gwanin kyau. Mutanen jirgi suna rungumar juna suna kuka. Hamdiyya ta ce, "Alhamdu lillahi."

Ashe da saura. Aka tura mutum huɗu a ƙaramin jirgi su duba. Koren nan ba ciyawa ba ce, wata irin gansakuka ce mai dafi, iskar wurin kuma ba ta shaƙuwa. Biyu suka dawo. Masanan jirgi suka auna suka ce sai bayan shekara dubu, in ma za a iya. Yasira ta je ta tsaya a taga, shiru. Daga nan ta ba da umarni aka juya. Suka je suka sauka a wata ƙaramar duniya mai jar ƙasa, busasshiya, wadda suka taɓa wucewa a kashi na uku suna yi mata tsaki. Aka buɗe ƙofa. Rubutu ya hau. Ƙarshen ke nan.

Jalalu ya zauna yana kallon rubutun yana hawa. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, kuma ba na mutanen gari ba. Fuskar mutum ɗaya yake gani.

"Baban Mufida," in ji Hamdiyya, "ka yanke shi."

"In yanke ina?"

"Inda sunka hango gida. Ka tsai da shi nan, ka ce sun koma, ka kashe. Wa za ya sani? Yau ka hwara tsallake?"

"Wancan tsallaken kunya ne."

"Wanga kuma na tausai ne. Baba ya wuce saba'in da biyar. Idonai guda ya tahi. Ban da masallaci, ba abin da ke hid da shi gida sai kallon nan. Shekara goma sha bakwai shina jiran mutanen nan su koma, kai kuma ka ce mai za su koma. Da bakinka ka ce."

Nan ne wurin da ke ciwo, ita ma ta sani. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Kada a ce bai gwada ba. Ya gwada. Ran Litinin ya rufe kansa a rumfa ya nemo wurin: awa biyu da minti takwas, daidai inda wata tsohuwa a jirgi ta ɗaga jikanta sama don ya ga kore. Ya danna, hoto ya tsaya, ya ɗora murya, "Alƙawari ya cika." Kai, abin ya zauna ɗas! Ko masu fim ɗin suka gani sai sun yi da-na-sani. Ya maimaita sau biyar har yatsansa ya haddace wurin.

Ran Talata, don ya daidaita murya da ta farkon labari, sai ya tono tsohon faifan kashi na ɗaya daga ƙasan akwati, duk ya ƙarje. Ya sa shi ya kai wurin tagar. Ba kowa a rumfar, ba mai ce masa Turanci ya ƙare, don haka bai ɗauki makirfo ba. Karon farko ke nan da ya kalli minti ɗayan nan bakinsa a rufe. Ya ga leɓen Bappa yana rawa. Ya ga ya ɗora tafin hannu a jikin gilashi, ya daɗe, sannan ya janye shi a hankali ya juya baya. Wannan ai ba mai rantsuwa ba ne. Sallama mutumin yake yi. Tun ran farko ya san ba komawa, kuma abin a fili yake ga duk mai ido, in da an bar shi ya gani. Shekara goma sha bakwai Jalalu yana rufe fuskar bawan Allah da surutu.

Kunya ta rufe shi, shi kaɗai a cikin rumfa. Daga nan kuma sai zuciyarsa ta tsaya wuri ɗaya. Ya sa wa Bappa magana a baki har ya mutu, ba zai ƙara da yanke wa Yasira ƙafa ba. Zai nuna shi har rubutu ya hau, kuma zai faɗi wanda ya yi rantsuwar.

Da ya gaya wa Hamdiyya, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"In wani abu ya samu Baba fa?"

"Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi mai aski."

"Au, Baban ne kuturu?"

"Subhanallahi! Ba haka nike nuhi ba."

"To mi kake nuhi? Gaskiyar da ba ka tuna da ita ba shekara goma sha bakwai, sai yanzu da tsoho ya kusa kabari?"

Jalalu dai bai canja ba. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba sai ta ajiye abinci ta wuce. Shi kuwa ya zauna da ƙamus da littafin rubutu, yana bin minti goma sha biyun ƙarshe jimla-jimla, don ya ƙudura ba zai ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba. In ya karanta wata fassara da ƙarfi ta fito a karkace, sai ya ji murya daga bakin murhu, ba a kalle shi ba: "Ba haka ta ce ba. Cewa ta yi iskar ba ta ɗaukar rai." Malama dai malama ce, ko tana fushi.

Ran Alhamis ya yi ta maza ya nufi gidan surukinsa, da niyyar ya shirya masa zuciya. Ya tarar da shi a zaure yana ɗinkin taru da lalube. Ya cire takalmi, ya durƙusa, aka gaisa. Maganar da ta kawo shi kuwa ta ƙi fita. Mai Baki guda, wanda ke magana awa uku ba ya haɗiyar yawu!

"An ce ya iso," in ji Baba Tanko, bai ɗago ba.

"Ya iso, Baba."

"Yaushe?"

"Gobe Juma'a, bayan la'asar."

"Madalla. Allah shi kai mu."

Jalalu ya ce amin, ya ɗauki takalminsa ya fito yana zagin kansa.

Ran Juma'a rumfa ta cika har ta yi amai. Masunta sun baro taru, 'yan acaɓa sun jingine babura, an zo daga tungayen da ke kewaye. Zafi kamar gidan burodi, ba wanda ya damu. Matan unguwa sun taru a gidan da ke jikin rumfar suna saurare ta katangar zana, Hamdiyya na cikinsu. Aka buɗa wa Baba Tanko hanya ya zauna a wurinsa, ya karkato da idonsa mai gani.

Jalalu ya yi bisimilla ya fara. Ranar bakinsa ya yi zaƙi fiye da kullum. An yi yaƙi, an yi dariya, an zagi maci amana. Awa biyu suka wuce kamar ƙiftawar ido. Sai ga kore ya bayyana. Wayyo, zo ka ga murna! Mutane suka miƙe tsaye, ana kabbara, ana dukan benci. Zaharaddeen ya cire hula ya jefa sama. Daga bayan zana guɗa ta tashi. Tsohuwar jirgi ta ɗaga jikanta. Awa biyu da minti takwas.

Yatsan Jalalu yana kan rimot, ya san wurin da kansa. Ya saci kallon bencin gaba, ya ga Baba Tanko yana murmushi, bakinsa a buɗe, haƙoransa uku a waje. Bai taɓa ganin murmushin nan ba. Wallahi a lokacin ya so ya danna, ya so ƙwarai. Sai ya ɗauke rimot ɗin ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai.

"Ku zauna, jama'a," ya ce. "Da saura."

Ya bi su da shi daki-daki, yadda ya rubuta. Mutum huɗu sun sauka. Koren dafi ne. Iskar ba ta ɗaukar rai. Biyu sun dawo. Shekara dubu. Murna ta yi ta zagwanyewa har rumfar ta koma kamar gidan makoki. Yasira ta taka ta tsaya a taga, kiɗa ya tashi. Sai wani daga baya ya fara, a hankali, "Komi daren daɗewa…" Wasu suka karɓa. Suna jiran Jalalu ya ɗora, ya gyara musu abin da ya ɓaci.

Bai ɗora ba. Ya bar kiɗan ya yi ta tafiya.

"Mai Baki!" in ji wani. "Mi ta ce?"

"Ba ta ce komi ba." Jalalu ya matso da makirfo bakinsa. "Ba ta ce komi ba, jama'a. Ubanta ma bai taɓa cewa komi ba a tagar nan, tun kashi na ɗaya. Ba Bappa ya yi rantsuwar ba. Ni na yi ta. Na ji tsoron shiru, na sa mai magana a baki. Ku yahe mani."

Tabɗi! Rumfa ta kacame. Zaharaddeen ya haye kan benci.

"Shekara goma sha bakwai kana yi muna ƙarya?"

"Na yi."

"Na rubuta ta a jirgina, Jalalu! Da jan henti!"

"Na gani."

"To tunda ka iya, ƙarasa! Ka ce sun koma mu tashi!"

"Ba su koma ba."

Wani ya jefo ledar ruwa ta fashe a ƙirjinsa. Wasu suka yi waje suna tsaki, labulen buhu na ta ɗagawa haske na shigowa. Jalalu bai goge rigarsa ba, bai kuma tsayar da fim ba. Jirgi ya juya, ya ce ya juya. Ya sauka a jar ƙasa, ya ce ga inda suka raina a kashi na uku. Aka buɗe ƙofa, Yasira ta taka ƙasa ta waiwayi mutanenta ta yi maganarta ta ƙarshe, gajeruwa, shi ma ya faɗe ta gajeruwa: "Ku sauke kaya. Nan ne." Rubutu ya hau. Ya ajiye makirfo.

Sauran mutanen suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallonsa. Rana ta yi ƙasa. Cikin rumfar ya rage shi da mutum ɗaya a bencin gaba, wanda bai motsa ba tun da aka ce koren dafi ne. Jalalu ya kasa tashi. A bakin labule ya hango gefen mayafin Hamdiyya, ta zagayo ta tsaya, ba ta shigo ba.

"Jalalu."

Baba Tanko ne, wanda tun da Jalalu ya auri 'yarsa bai taɓa kiran sunansa kai tsaye ba. Jalalu ya taso, ya durƙusa a gabansa, ido a ƙasa. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa abin da ya fi zagi.

"Can da sunka sauka, akwai ruwa?"

"Akwai wani ɗan rahi, Baba. An nuna shi daga sama."

"Ƙasar tana karɓar iri?"

"Ba su hwaɗi ba."

"Su ba su hwaɗi ba, ko kai ba ka hwaɗi ba?"

"Su, Baba."

Dattijon ya jinjina kai. Ya daɗe yana kallon baƙin gilashin talabijin.

"Da anka kawo mu tudun nan," ya ce, "shekara goma sha ɗaya ubana bai bari an dasa ko icen mangwaro guda ba. Kowa ya kawo dashe sai ya ce a bari, ruwa za ya janye, mi za mu yi da icce a gidan aro? Mu kuma ba wanda ya iya buɗa baki ya ce mai, Baba, ba ya janyewa. Duk mun sani. Kunya ta hana. Ran da ya rasu, ba inuwa ko ta tahin hannu a ƙohwar gidanai. Cikin rana tsaka munka yi mai salla, ƙasa na ƙona muna ƙahwa."

Hawaye suka zubo wa Jalalu, bai ɓoye su ba. A bakin labule Hamdiyya ta toshe baki da mayafi.

Baba Tanko ya laluba ya ɗauki sandarsa, sannan ya miƙo ɗaya hannun, busasshe, duk sawun igiyar taru.

"Kama ni in tashi," ya ce. "An kusa kiran salla."

Jalalu ya kama hannun surukinsa da hannu biyu ya ɗaga shi, suka fita tare.